Benci a Zauren Kawu: Asabar-Asabar da Masu Ciwon Baya a Fadamar Argungu

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na fara. Na baro Birnin Kebbi bayan sallar asuba, hazo ya rufe hanya har direba na tafiya da fitila, kafin hantsi ina ƙauyenmu a bakin fadama. Kawu ya sa an share zaurensa, an aro benci a wurin mai shayi, an shimfiɗa bargo a kai. Wurin aikin ke nan.

Sana'ata gashin ƙashi ce, ita nake yi Litinin zuwa Juma'a. Abin da na ƙudurta shi ne in ba mutanen garinmu Asabar ɗina daga yanzu har a yanke shinkafar rani, in duba masu ciwon baya da ƙugu da hannuna, ba allura ba ƙwaya, in kuma rubuta duk abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi. Kawu ne sila. Bara lokacin dashe ya riƙa haɗiyar dikulofenak, ƙwayar kashe ciwo, biyu da safe biyu da dare, ciki ba komai, don dai ya iya duƙawa. Ranar da ya yi bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta muka kwashe shi sai asibiti. Gyambon ciki ne yake zubar da jini. Bayan kuma yana nan da ciwonsa.

Yawancin dabarun da zan yi aiki da su daga ostiyofati aka samo su. Wani likitan Amurka, Andrew Taylor Still, shi ya assasa wannan hanya a 1874, shekara goma bayan sanƙarau ya kashe masa 'ya'ya uku yana ji yana gani. A 1892 ya buɗe makaranta a garin Kirksville na jihar Missouri. A ganinsa kusan kowace cuta daga gocewar ƙashi da matsewar jijiya take tasowa, in an daidaita jiki da hannu zai warkar da kansa. Ilimi bai gaskata wannan babbar da'awa ba, ni ma ban yarda da ita ba. Amma dabarun hannun da almajiransa suka gada, na sassauta nama da motsa gaɓa, sun shigo aikinmu, kuma a ciwon baya suna da ranarsu. Ba ni da takardar ostiyofati. Abin da aka koya mana shi zan yi, ba zan wuce nan ba.

Mutum tara suka zo. Tambaya ta fi taɓawa cin lokaci, wasu har sun ƙosa, amma ba na ɗora hannu a bayan da ban ji labarinsa ba.

Asabar, 18 ga Janairu

A asibiti mukan ce wa mutum ya ba ciwonsa maki daga sifili zuwa goma. Nan abin bai yi ba. Bahaushe ko numfashi yake ja da ƙyar, ka ce ya jiki, da sauƙi zai ce maka. Sai na canja ma'auni. Yanzu tambaya uku nake yi: kana iya ruku'u bayanka a miƙe? In ka tashi daga sujada sai ka dafa ƙasa ko gwiwa? Fangali nawa kake dasawa kafin ƙugu ya tilasta maka miƙewa? Waɗannan kowa na da amsarsu, kuma ba a yi musu kara.

Wani dattijo maƙwabcin Kawu ya zo yana tafe a karkace, hannu ɗaya dafe da tsatso. Na ce, “Baba, kwanta ta gefen da ba ya ciwo.” Na bi gadon bayansa da yatsu daga haƙarƙarin ƙarshe zuwa ƙashin ƙugu. Naman gefen dama ya ɗaure tamau kamar igiyar guga, ina isa wurin ya ja iska ta haƙora. Na fara da tafin hannu, a hankali, ina turawa ina sakewa har na ji wurin ya ɗumama ya fara ba ni hanya. Sannan na lanƙwasa masa gwiwa, na riƙe ƙafar na ce, “Tura hannuna, amma kaɗan, kamar za ka ture ƙyauren da jariri ke bayansa.” Ya tura, muka ƙirga biyar, ya saki numfashi, na ƙara miƙar da naman kaɗan. Sau huɗu muka yi. Naman da ya yi aiki ya saki yakan yarda a miƙa shi fiye da wanda aka ja da ƙarfi, dabarar ke nan.

Ya sauko, ya duƙa, yatsunsa suka wuce gwiwa, alhali ɗazu ko cinya ba su wuce ba. Ya dube ni ya ce, “To ɗan nan, mi ya hana ta yi ƙara?”

Wannan tambaya yau sau uku na sha ta. Mutane sun saba in ba a ji ƙas ba, ƙashi bai koma ba. Na ja yatsana ya yi ƙas a gabansu, na ce yanzu yatsan nan gocewa ya yi ya koma? Iska ce kawai a cikin ruwan gaɓa, shi ya sa in ka sake ja nan take ba ya ƙara yi sai an ɗan jima. Ƙasusuwan ƙugu guda biyar ɗin nan a ɗaure suke da jijiyoyi masu ƙarfin gaske, ba sa fita su koma kamar murfin kwano. Sun saurara, amma ban ga alamar na ci su ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Na yi kuskure makon jiya, yau na ga sakamakonsa. Wani ɗan kabu-kabu ya nace sai na murɗa shi ya ji ƙara, ni kuma don kada a ce ban iya ba na yi masa. Bayansa a lokacin a ɗaure yake, kwana uku kacal da tashin ciwon. Ya kwana biyu yana jin tsami, bai fita aiki ba, yau bai zo ba, ƙaninsa ne ya kawo mini labari. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan irin wannan aiki sananne ne, laifina shi ne ban faɗa masa tun farko ba, kuma abin da ya sa na yi ba bukatar bayansa ba ce. Da la'asar na je har gida na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, amma kuɗin kwana biyu ya tafi, mai iyali ne.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Dashe ya kankama, zaure ba kowa sai bayan azahar, don haka na bi su fadama. Tun ina yaro nake ganin aikin nan amma yau ne na kalle shi da idon sana'ata. Mutum a duƙe, ƙafa cikin taɓo har ƙauri, damin iri a hagu, dama na cusawa, yana ja da baya taku-taku. Na duba agogo a kan wani saurayi: minti arba'in bai ɗago ba. Da ya tashi miƙewa sai da ya yi ta a mataki uku. Ga injin ban ruwa da ake ciccibowa daga kan babur a kai bakin rijiyar burtsatse, mutum ɗaya, a murɗe.

Nan na gane abin da nake yi a zaure na minti ashirin ne, fadama kuma tana da kwana shida. Ba zan ce wa manomi ya bar duƙawa ba, wannan maganar wanda bai san inda tuwo ke fitowa ba ce. Abin da muka shirya da su: duk ƙarshen layi a miƙe, a dafa ƙugu da hannu biyu, a ɗan karya baya sau biyar. Inji mutum biyu za su ɗauka. Da safe kafin fita, a kan tabarma, a jawo gwiwa zuwa ƙirji, a karkata su dama da hagu. Sarkin noma ya ce zai riƙa tuna wa 'yan ƙwadagonsa.

Kafinta ya kawo teburin da na ba shi, tsawonsa daidai ƙuguna. An mayar wa mai shayi bencinsa.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Yau ban taɓa wanda aka fi so in taɓa ba.

Mahaifinsa ne ya kawo shi a amalanke daga wani ƙauye gaba da mu, saurayi da bai wuce ashirin da biyu ba. Wata biyar yana ciwon baya. An yi ƙaho, an yi tsaga, an sha na sanyi, an sha na basir. Sun ji ana gyaran baya a zauren Kawu suka taho. Tun shigowarsa jikina ya ba ni. Ya zauna ya tokare hannu biyu a kan tebur, yana ɗauke nauyin jikinsa daga bayan. Rigarsa ta yi masa yawa. Na tambaya, ciwon yana barinka barci? Ya ce da dare ma ya fi. Zufa fa? Uban ya amsa, “Awo, har tabarma jiƙewa take, ga sanyin nan.” Zazzaɓin yamma, rashin cin abinci, duk akwai. Na ɗaga rigar. A tsakiyar baya, sama da ƙugu, ƙashi ɗaya ya turo kamar gwiwar yatsa. Na ɗan ƙwanƙwasa wurin da yatsa biyu, ya zabura.

Ciwon bayan noma yakan lafa in an kwanta, kuma ba ya ramar da mutum. Wannan ya fi kama da tarin fuka da ya sauka a ƙashin baya, wanda ke cin ƙashin daga ciki har ya rufta, kuma mutum na iya kasancewa da shi ba ya ko tari. In aka danna irin wannan baya, ko aka murɗa, ƙashin na iya murƙushewa a kan laka, ƙafafu su mutu.

Uban ya roƙe ni. Ya ce, “Likita, ko kaɗan ne ka taɓa shi, mun yi tafiya.” Na ce, “Baba, wallahi don ina son ya ci gaba da taka ƙafarsa ne ba zan taɓa ba.” Na rubuta takarda zuwa Birnin Kebbi a yi hoton ƙashi da gwaji, na gaya masa in shi ne, maganin tarin fuka kyauta gwamnati ke bayarwa. Kuɗin mota ne matsala. Kawu ya shiga gida ya fito da abin da ya sawwaƙa, na cika, muka shirya su bi ni gobe, yaron a kwance a kujerar baya.

Tun da na fara nake karanta wa kowa alamomin da ba na hannu ba ne: rama, zazzaɓi, ciwon da ke tsananta da dare, faɗuwa daga bisa, ƙafa na raunana. Mafi gaggawa, mutum ya ji tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya riƙa zuba bai sani ba. Wannan ko tsakar dare ne asibiti ake nufa. Ina faɗa ne kamar karatu, yau na gan shi zaune a gabana.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Hoto da gwaji sun tabbatar. An ɗora shi kan magani, tafiya ce ta wajen shekara. Ƙafafunsa na aiki, alhamdu lillahi.

Wani abokin aikina ya tambaye ni ko na tabbata hannun nawa ne ke sa mutane jin sauƙi, ko dai kulawar da suka samu ce. Tambaya ce ta gaskiya, na kwana da ita. A Amurka an yi gwaji kan mutum 455 masu tsohon ciwon baya, aka buga a 2013: waɗanda aka yi wa aikin ostiyofati na ainihi sun fi waɗanda aka yi wa na kwaikwayo samun sauƙi. A Faransa kuma an gwada mutum 400, aka buga a 2021, bambancin ya fito ɗan ƙanƙane, har masu binciken da kansu suka yi shakkar ko marar lafiya zai ji shi a jikinsa. Dukansu biyun na yarda da su. Shi ya sa ƙa'idar da Ingila ta fitar a 2016 ta ce a yi aikin hannu, amma a haɗe da motsa jiki, ba shi kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a Disamban 2023 ta sa tausa da motsa ƙashin baya cikin abin da za a iya yi wa mai daɗaɗɗen ciwon baya, ta kuma hana ɗamarar ƙugu, da jan baya da inji, da ƙwayoyi dangin taramol. Na ƙarshen nan ya taɓa ni, don na san abin da wasu 'yan ƙwadago ke jefawa a baki kafin su shiga taɓo.

Hukumar ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma kusan tara cikin goma ba a iya nuna wata cuta guda a ce ita ce. Mutanen zauren Kawu mafi yawansu nan suke. Abin da na gani da idona shi ne hannu na kwance ɗaurin ya cire wa mutum tsoron motsi. Wanda ya ɗora da motsa jiki sauƙinsa na zama, wanda bai yi ba Asabar mai zuwa yana nan yadda na same shi.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kwana takwas. Na mayar da aiki safe, kafin rana ta buɗe. Dattijon nan maƙwabcin Kawu ya ce yana tsayawa asham har a sallame, bara a zaune ya yi ta. Na ji daɗin wannan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ana ta maganar sanƙarau wajen Gwandu da Aliero da Jega. Na roƙi liman ya sanar bayan sallar Juma'a: wuyan da ya sanƙare da zazzaɓi da ciwon kai, musamman ga yaro, kada a kawo shi tausa, kada a jira Asabar.

Asabar, 22 ga Maris

Tun farko Inna ke tambayata, mu fa? Ba zai yiwu in duba matan mutane ba, kuma gaskiyarsu ne. Yau wata abokiyar aikinmu ta biyo ni, ita ta shiga cikin gida, ni ina zaure. Mata goma sha huɗu ta gani, ni maza biyar. Ashe ciwon a cikin gida ya fi yawa, ba a dai faɗa ne.

A mota ta ba ni labari. Daka, shara da guntuwar tsintsiya, wanki a duƙe ga goyo a baya, sauke tukunyar gumi daga murhu. Wata mai haihuwa tara ta ce tun wankan jegon fari ƙugunta bai sake zama nata ba. Shawarar da ta fi karɓuwa ba ta hannu ba ce: a ɗaura wa tsintsiya sanda, a ɗora bahon wanki kan turmin da aka kifa. Akwai tsohuwa ɗaya da abokiyar aikin ta ƙi yi wa komai sai shafa mai sauƙi, don ta rage tsawo ta yi doro, ƙashinta ya yi sakaka, dannawa na iya karya shi. Abokiyar aikin ta yi alkawarin zuwa sau ɗaya a wata. Bai isa ba, amma shi muke da shi.

Asabar, 12 ga Afrilu

Bayan sallah mutane sun ragu, zafi kuma ya sauka da ƙarfinsa. Yau maɗorin yankinmu ya zo da kansa. A Aliero ya koyo ɗori, garin da duk ƙasar nan ta san shi da albasa da maɗora. Na tashi na ba shi wuri, don shi ya ɗora mini hannu ina ɗan shekara tara da na faɗo daga mangwaro. Na zaci ƙorafi ya kawo. Sai ya ce, “Yaro, yaron nan na amalanke ya biyo ta wurina kafin ya zo nan. Na taɓa wurin na ji ba nawa ba ne, amma ban san inda zan tura shi ba.”

Mun daɗe. Ya nuna mini yadda yake bin ƙashi da babban yatsa, hannunsa na ji ƙwarai, shekara arba'in ba wasa ba. Inda muka saɓa shi ne taka baya da ƙafa, da ɗaure ƙugu da kara a kwantar da mutum mako biyu. Na ce masa doguwar kwanciya ƙara sanƙarar da baya take, naman ya saki, tashi ya gagara. Ya yi shiru, ya ce a karaya dai ɗauri dole ne. Na ce a karaya ban ja da kai ba, Malam. Bai ce ya yarda ba. Amma ya karɓi lambata, ya sa na maimaita masa alamomin nan har ya riƙe su, ya ce in ya ga mai su zai kira.

Asabar, 3 ga Mayu

An shiga yanka. Lauje, bugu, sheƙa, sai ɗaukar buhunan shanshera zuwa mota, wanda shi ne ke karya mutane a wannan watan. Sababbin ciwo shida yau, biyar daga buhu. Na tsaya a masussuka na nuna: buhu a jingine da jiki, gwiwa ta lanƙwashe, a juya da ƙafa kada a murɗa ƙugu, mutum biyu su ɗora wa na uku. Samari sun yi na minti goma, da direba ya fara matsa oda kowa ya koma yadda ya saba. Ana biyansu ne kan buhu, wannan kuwa ba abin da hannuna zai gyara ba ne. Zan yi wa sarkin noma magana ko za a riƙa jan motar kusa da tari.

Na buɗe littafina na duba waɗanda suka zo sau huɗu ko fiye. Mafi yawa sun ce ruku'u ya dawo daidai, kuma su ne masu motsa jikin safe. Uku ba abin da ya canja, ɗaya cikinsu ciwon na sauka ta bayan cinya har tafin ƙafa, babban yatsan ƙafarsa ya fara rauni, na rubuta masa takardar ganin likitan ƙashi ranar Talata. Ɗan kabu-kabun nan ya dawo makon jiya, aikin nama kawai na yi masa, muka kuma gyara zamansa a kan babur. Kawu ya gama dashe da yanka bai haɗiyi dikulofenak ko ɗaya ba, Inna ce shaida. Har yanzu in ya tashi da safe sai ya ɗan dafa bango.

Na ce har yankan rani zan yi, amma damina na tafe da nata duƙon, ga huɗa ga noma. Mahaifin yaron nan na amalanke ya aiko a gaya mini ya fara zama ba tokari, yana tambaya yaushe zai koma gona. Amsar ba tawa ba ce ni kaɗai, sai na ji daga likitansa. Asabar mai zuwa zan fara koya wa samari biyu da suka gama sakandare motsa jikin safe da tambayoyin nan, ba aikin hannu ba, don a samu mai tunatarwa ranakun da ba na nan. Sai kuma ƙafar tebur ɗaya da ta fara rawa, kafinta ya ce in bar masa shi ranar Laraba.